Farin Maɓalli, Baƙin Maɓalli

Litinin, 3 ga Maris

Ga kacici-kacici, kai littafi. Ko ke ja'irar jikata, in kin sake ɗaga katifa kina leƙen abin da ba naki ba. Mene ne abin da ke sauke tsoho daga kan kekensa ya dinga tura shi kamar akuyar da ta ƙi kasuwa, ya tayar da shi daga tabarma sau tara tsakanin magariba da kwanciya, ya kuma sa shi wanke wandonsa da hannunsa, bayan shekara arba'in da ɗaya bai san inda sabulu ke kwana a gidan nan ba?

Kada ki ba ni gari. Ni ma ban san amsar ba. Ina dai da zato, zaton kuwa ba mai daɗi ba ne.

Tsohon nawa tela ne tun kafin ya san ni. Mutum ne da in ya zauna a kan keken ɗinki sai an kira salla yake tuna yana da ƙafafu. Yau na tarar da wandonsa a kan igiya, shi kaɗai, yana ɗigar ruwa. Na ce, Malam, sabuwar sana'a aka kama? Ya ce shayi ne ya zube masa. A shekarun nan shayi ya zube masa ya fi sau ɗari, bai taɓa ko ɗauko bokiti ba.

Aji biyar na tsaya a makaranta, amma na iya karanta wando.

Laraba, 5 ga Maris

Makulli a aljihun rigarsa. Ƙarami, an ɗaure shi da jan zare, ƙullin kuwa nasa ne, irin wanda yake yi da yatsu biyu yana cizon bakin zaren.

Na gwada shi a akwatina, a kwadon kicin, a ɗakin ajiya, har kejin kaji. Ko ɗaya bai buɗe ba. Na mayar da shi inda na gan shi. Makulli ba ya zaman banza, akwai ƙofar da ke jiransa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samo gwangwanin madara na wanke, na ɗebi maɓallai daga ragowar da yake kawowa gida. Duk shigarsa bayi, farin maɓalli ɗaya. Daga dawowarsa zuwa fitarsa da safe, goma sha biyu.

Allah Ya yafe mini, na kasa kunne. A da in ya shiga kamar an buɗe famfo, har kaji na firgita. Yanzu sai a yi shiru, a yi ta shiru, sannan ɗis, ɗis, kamar rufin da ke yoyo bayan ruwa ya ɗauke. Sai in ji yana jan iska ta haƙora. Ya fito, ya yi alwala, kafin ya shimfiɗa darduma ya sake komawa.

Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Ido a ƙasa kamar mai neman allura.

Asabar, 8 ga Maris

Mai Ƙanƙara ta zo. Ita ce ke da rumfa daura da shagonsa, kuma bakinta ya fi ƙanƙarar tata saurin narkewa. Wai gaisuwa ta kawo. Ta gaida ni, ta gaida kajina, ta yabi labulena, sannan ta sauke kayan da ta ɗauko: wai ba don ta haɗa ni da kowa ba, amma Malam kwana biyun nan ƙafarsa ta saba da gidan Mai Inji. Matar nan da mijinta ya rasu bara waccan, mai injin niƙa a bayan layin shaguna. Wai ba ya ko sallama, da makullinsa yake shiga ta ƙofar baya.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ki bar shi ya je, in ta iya da minsharinsa ni zan kai mata tukwici.

Da ta tafi na tarar girkina ya kama ƙasan tukunya. Sai na ce wa yara itacen ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Yana gida yini guda. Farare goma sha tara. Ya kwanta fuskarsa na kallon bango.

Talata, 11 ga Maris

Na kai masa abinci shago, abin da rabona da yi tun autana yana goye. Ya tsorata da ganina kamar ya ga mai karɓar haraji.

Abin da na gani: ba ya zama daidai a kan kujerar katakon nan tasa. Ɗuwawu ɗaya ne a kai, ɗayan na lilo a iska, in ya gaji ya juya. Yankan yadi a tsaye, ɗinkin hannu a tsaye. Mutumin da kujerar nan ta ɗauki siffarsa.

Da ya fita wanke hannu na ja aljihun keken ɗinkin. Ƙarƙashin alli da tsofaffin allurai ga ƙwayoyin magani, rabi ja rabi ɗorawa, a naɗe cikin takarda. Na zare ɗaya na ƙulle a bakin zanena.

Na ce masa na tafi gida. Ban tafi ba. Na zauna a bayan firjin Mai Ƙanƙara, na ja mayafi, na fito da baƙaƙen maɓallai. Duk shigarsa ƙofar bayan Mai Inji, baƙi ɗaya. Daga azahar zuwa rufe shago, takwas. Sauri yake yi wajen zuwa, har da ɗan gudu, ya ajiye almakashi a tsakiyar yanka. Ya daɗe kamar minti bakwai ya fito yana tafiya a hankali, ƙafafu a buɗe.

Sau takwas. Ni da na san shi tun gashinsa na baƙi, ko a lokacin... to, bari in yi shiru, yarinyar nan na iya karantawa.

Na ga Mai Injin da idona. Gari har a girarta. Ba ta fi ni komai ba sai shekara goma sha biyar da ta rage mini. A gida kuma, farare sha ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Na kai ƙwayar wurin mai kemis na bakin titi. Na ce a tsakar gida na tsinta, kada jikoki su haɗiye. Ya juya ta a tafin hannu, ya yi wani murmushi da na so in share masa shi da takalmi. Ya ce ai shi ya sayar wa Baba. Wai Baba ya zo yana kukan zafin fitsari, shi kuwa ya gane nan take, ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗaukowa. Ya rage murya ya ce, "Mama, ke ma da kin sha naki, don abin ba ya tsayawa wurin mutum ɗaya."

Yaron da na san uwarsa tun tana tallan ruwa.

Na dawo na sauko da akwatina daga kan kwaba. Ban sa komai ba. Na dai goge ƙurar.

Juma'a, 14 ga Maris

Wata biyu ke nan rabonsa da ni. Na ɗauka tsufa ne, na ce to, an ci moriya, Allah Ya amfana. Ranar ƙarshen nan, a daidai ƙarshen al'amari, sai ya ce wash kamar ya taka ƙaya, ya dunƙule ya daɗe bai miƙe ba. Har na tsokane shi na ce keken ya nemi mai. Bai yi dariya ba. Da na sani tun ranar.

Na yi haƙurin shekarar da shago ya ƙone. Na yi haƙurin uwarsa, Allah Ya jiƙanta, wadda sai da ta rasu ta daina ɗanɗana mini miya. Na iya haƙurin babu. Haƙurin raini ne ban koya ba, kuma na tsufa da shiga sabon aji.

Zannuwa huɗu a akwati. Zan ce wa 'yata ta biyu kewar jikoki ce ta kamo ni. In na je na zauna, zaman ne zai yi bayani.

Asabar, 15 ga Maris

Na gwada shi da tatsuniya, yadda na saba. Muna cin abinci na ce, an yi wani tela a wani gari, ya tsinci makulli, ya rantse sai ya gano ƙofarsa, da ya gano kuwa sai ƙofar ta rufe da shi a ciki. A da kafin in kai rabi ya ƙwace labarin ya ƙara masa gishiri. Yau sai ya ce bayansa ke ciwo, can ƙasa, har zuwa matsematsi, ya tashi ya nufi inda ya saba nufa.

Man zafin da na saba shafa masa na nan a kan taga. Na gan shi yana kallon kwalbar. Ni ma na kalle ta. Kowa ya kama gabansa.

Fari goma sha huɗu.

Litinin, 17 ga Maris

Na yi wa 'yata waya. Alhamis mijinta zai zo da mota ya ɗauke ni. Akwati ya cika, da ƙyar ya rufu.

Laraba, 19 ga Maris

A kan bencin asibiti nake rubutu.

Da asuba na ji gado na rawa. Jikinsa kamar garwashi, haƙoransa na haɗuwa, bargo biyu bai ishe shi ba. Ya shiga bayi sau biyar, ba ɗis ɗin ma. Na taɓa ƙasan cibiyarsa, ta yi tauri ta taso, ya riƙe hannuna har ya bar mini shaida. Duk da haka wai in miƙo masa ƙwayoyinsa daga aljihun riga, zai wuce.

Na kira babban ɗanmu. Na ce ka zo ka ɗauki ubanka ko da ɗaure shi za ka yi.

Sun sa masa roba, fitsari ya cika leda, ya yi duhu kamar ruwan wanki. Na ga fuskarsa ta saki. An ɗaura masa ruwa, an yi allura, an ɗebi jini da fitsari.

Fushina na nan, ban zubar ba. Na dai ajiye shi a ƙarƙashin benci tare da takalmana.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ce wa surukina ya bar motar tukuna.

Likitan sa'an autana ne, amma ba ya gaggawa. Ya ja labule, ya sa safar hannu, ya gaya wa Malam ta inda zai duba shi da yatsa, a hankali. Daga bayan labule na ji tsohona na cewa, ɗana, babu wata hanyar? Aka ce babu. Wallahi da ba don halin da ake ciki ba da na ba wannan labari har in mutu. Zan ma ba da shi.

Sannan ya zauna ya zana mana a bayan takarda. Ga mafitsara kamar tulu. Ga bututun da fitsari ke bi. A wuyan tulun akwai wata 'yar tsoka da ta zagaye bututun, girman ƙaramin lemun tsami, maza kaɗai ke da ita. Furostet ya kira ta. Ya ce ta Baba ta kumbura tana zafi, shi ya sa ta shaƙe hanya. Fitsari ya matsa wa mutum kamar zai zubo, ya je ya tsaya ya ƙi fita, in ya fita da zafi, in an gama kuma ya biyo baya ya ɓata wando. Zama ya gagara, don a kanta ake zama. Ciwon baya, ciwon matsematsi, har zafi lokacin da mutum ke tare da iyalinsa. A nan Malam ya sami wani abin kallo a silin.

Ya tambaya sau nawa yake zagayawa a yini. Tsohon ya ce kamar uku zuwa huɗu. Ƙarya a gaban likita, da robar mutane a jikinsa.

Na buɗe jaka na fito da kai, littafi, tunda saboda ja'irar nan ba na barin ka a gida. Na karanto: ran shida, goma sha biyu. Ran tara, goma sha tara. Ran sha ɗaya, farare sha ɗaya, baƙaƙe takwas. Likita ya ajiye biro ya ce da duk majinyata na zuwa da irin Mama da aikinsa ya yi sauƙi. Ya ce to su baƙaƙen fa?

Na ce wannan sai mai makulli ya faɗa.

Malam ya dube ni. Ya ce, "Kin ga makullin?"

"Da jan zarensa."

"Bayin layin shaguna ya yi nisa, ba na kaiwa. Sau biyu ban kai ba. Matar nan ta gan ni a bayan katanga, ta aiko mini da makullin bayinta, ba ta taɓa ce mini komai a kai ba."

Likita ya haɗa takwas da sha ɗaya ya rubuta sha tara.

Na kalli lambar. Daidai da ta ranar Lahadi, da ya yini a gabana bai je ko'ina ba.

Amma ni ba a rufe ni da zane ɗaya. Na ce, likita, ka gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce, ciwon nan wurin mata ake ɗauko shi? Ya ce akwai wanda ta nan yake zuwa, ba zai ɓoye mini ba, amma mafi yawa ba ta nan ba ne, musamman a shekarun Baba. Wani ma a bincika ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Mu jira gwaji, jibi.

To, jibi. Akwati na nan a rufe.

Asabar, 22 ga Maris

Gwaji ya fito. Ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda ke zaune a hanjin kowa, suka ɓata hanya suka hau bututu. Ba na mata ba. Ba kuma ciwon daji ba ne, don babban ɗanmu ya tambaya, ya tuna da yadda kawunsa ya ƙare. Likita ya ce kumburi daban, daji daban, girman da tsokar ke yi saboda tsufa shi ma daban, in ya warke za a sake dubawa. Ƙwayoyin mai kemis kuwa ba su dace da wannan ba, sun dai jinkirta mu. Da an ƙara kwana biyu, in ji shi, da cutar ta shiga jini.

Da aka watse na zauna ina ɓare masa lemo. Na ce, wata biyu kana fama, ina nan kamar tukunyar fure, me ya hana ka buɗe baki?

Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "Yaron nan mai kemis ya ce ɗauka ake yi. Ni kuwa na san ban je ko'ina ba."

"To?"

"To sai wa ya rage?"

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na ce, ni? Ni da gwiwar nan? Da haƙora shidan nan?

Ya ce bai yarda ba, ko sau ɗaya bai yarda ba, amma tunani ba shi da ƙofa balle a sa masa kwado. Ya ce ya gwammace ya mutu da abin a cikinsa da ya tambaye ni. Kallon bangon da yake yi kuma, tsoro yake kada in shi ne mai ɗauke da ita ya shafa mini.

Na so in yi fushi. Na buɗe baki ma. Sai na tuna wanda ya zauna a bayan firji da mayafi yana ƙirga maɓallai.

Na tura masa lemon na ce ci, kafin in fasa.

Ban gaya masa zancen akwati ba. Ke ma in kin karanta, bakinki alekum.

Talata, 25 ga Maris

An cire roba, an sallame mu.

Na je mayar wa Mai Inji makullinta. Ta kashe inji, ta karkaɗe mini buhu na zauna. Ta ce in bar shi wurin Baba har ya warware, ita tana da wani. Ta ce ranar da ta gan shi a bayan katanga, kunyar da ke fuskarsa ce ta sa ta shige gida kamar ba ta gani ba.

Na kai mata sabon zane, cikin huɗun nan. Ta ce na mene ne, Iya? Na ce launin ne bai karɓe ni ba.

Da zan wuce Mai Ƙanƙara ta ɗago hannu. Na gaishe ta da kyau. Na ce Malam na gaishe ki, ya ce in kina da sauran ido ki ara wa mai kemis.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Magani sati shida, ba fashi, ko da ya ji garau. Shi kuwa tun kwana na biyar ya fara cewa ya warke. Yanzu gwangwanin na ƙirga magani ne, maɓalli ɗaya ƙwaya ɗaya, fari da baƙi duk ɗaya, na gauraya su. Ruwa da yawa da rana. An hana shi barkono da shayi mai kauri, yana ta ƙorafi wai abincina ya zama na jarirai. Keken hawa na jingine a zaure. Safe da yamma ina zuba masa ruwan ɗumi a babban baho ya zauna, gwiwoyi a sama, kamar kazar da za a fige. Na gaya masa haka. Ya ce to ki yi a hankali, tsohuwar fata ce.

Jiya tashinsa biyu kacal kafin asuba. Ba ƙirgawa nake ba, barcina ne ba nauyi.

Na ɗinka masa matashin zama mai rami a tsakiya, don kujerar shago. Da hannu na yi. Ya juya shi ya juya, ya ce shekara arba'in da ɗaya a gidan tela, ɗinkin kamar sawun kaza. Ya ce zai warware ya sake. Har yau bai warware ba, a kai yake zaune.

Akwatin na kwance shi. Kaya in sun daɗe a rufe wari suke yi, shi ke nan dalili. Yana kallona ina jera zannuwa a kwaba, ya ce ina na huɗun? Ashe ya ƙirga. Tun yaushe, ban tambaya ba.

Man zafi ya kusa ƙarewa, sai an sayo wani.

Ke mai ɗaga katifa, kawo garin. Abin da ya sauke kakanki daga keke, ya tayar da shi daga tabarma, ya koya masa wanki, wata 'yar tsoka ce a wuyan mafitsara, girman ƙaramin lemun tsami, ta kumbura.